Naka Sai Naka, Daɗin Zama Sai Bare: Kaɗaici da Ɓoyuwa a Rayuwar Birni ta Fuskar Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Oshodi ta Legas da sassafe, ko a bakin Kantin Kwari ta Kano da la'asar, ya ga abin da ba a gani a ƙauye. Dubban mutane ne kafaɗa da kafaɗa, amma babu mai tambayar wani ɗan gidan wa ne shi, daga ina ya fito, ko ina ya nufa. Yawancin abin da ake faɗa game da wannan hali koke ne, wato birni ya kashe zumunci, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba. Adabi ma ya bi wannan sahu. Littafin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, alal misali, gargaɗi ne ga matasan da ke barin ƙauye suna kwarara birni. Sai dai akwai wata fuska da ba a cika waiwaya ba, ita ce mutane da dama wannan rashin sanayyar ne ya kai su birni, shi ne kuma yake hana su komawa gida.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin haka ta hanyar duba harshen Hausa kansa, wato kalmominsa da karin maganarsa da sigoginsa na gaisuwa da kiran suna. An ɗauki Hausawa mazauna biranen kudancin Nijeriya a matsayin babban misali. Abin da za a nuna shi ne, abin da Bahaushe yake nema a cikin cunkoson birni ba kaɗaici ba ne, rufin asiri ne, kuma daɗinsa yana nan ne muddin mutum shi ya zaɓa, yana kuma da inda zai koma a kira shi da sunansa.

A nan an yi amfani da kalmar ɓoyuwa da ma'anar halin da mutum yake a bainar jama'a, ana ganinsa, amma ba a san ko shi wane ne ba. Ta bambanta da ɓuya, wadda take nufin kauce wa ido gaba ɗaya.

2.0 Ra'ayoyin Masana Zamantakewa

Masanin nan na Jamus, Georg Simmel, yana cikin na farko da suka yi wa batun nazari mai zurfi, a wata maƙala da ya fitar a 1903 kan manyan birane da tunanin mazaunansu. A ganinsa, ɗan birni yana haɗuwa da fuskoki da ƙararraki da suka fi ƙarfin zuciya ta kula da kowannensu, don haka sai ya koyi kame kai da halin ko-in-kula domin ya tsira da hankalinsa. Simmel bai tsaya ga aibata wannan hali ba. Ya nuna cewa shi ne kuma yake ba ɗan birni irin 'yancin da ɗan ƙaramin gari ba ya samu, tun da idon jama'a ba ya kansa.

A 1938 Louis Wirth na Jami'ar Shikago ta Amurka ya ce abubuwa uku ne ke haifar da rayuwar birni: yawan jama'a, da cunkosonsu, da bambancin asalinsu. Idan ukun nan suka haɗu, hulɗa takan zama ta sama-sama, ta ɗan lokaci, ta biyan buƙata. Shi kuwa Erving Goffman, a 1963, ya lura da wata ƙaramar ɗabi'a ta masu wucewa a titi: mutum ya ɗan kalli ɗan'uwansa don ya nuna ya san da shi, sa'an nan ya kau da ido don ya nuna ba ya bin diddiginsa. Goffman ya ɗauki wannan a matsayin ladabi, ba wulaƙanci ba.

Amma tun a 1955 William Bascom ya nuna cewa ma'aunin Wirth bai dace da biranen Yarabawa ba. Garuruwa ne manya masu cunkoso, duk da haka an gina su ne a kan gidajen dangi, kowa kuma an san gidansu. Haka abin yake ga tsohon birnin Kano. Sunayen unguwanni irin su Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa suna nuna cewa baƙo ma ana ajiye shi ne a inda aka san asalinsa, ƙarƙashin mai masauki da mai unguwa. Ashe ke nan girman gari kaɗai ba ya haifar da ɓoyuwa. Birnin da ke haifar da ita shi ne wanda ya tashi tare da mulkin Turawa da jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, da aikin albashi da gidan haya. Hausawa sun ba irin wannan wuri suna na musamman, wato bariki, kalmar da aka aro daga sunan mazaunin soja a Ingilishi. Ɗan bariki kuwa shi ne wanda ya fita daga ƙarƙashin idon gida. Kalmar zargi ce a bakin dattawa, amma a bakin samari takan ɗauki ma'anar wayewa da iya zama da kowa.

3.0 Kalmomin Zama Shi Kaɗai

3.1 Kaɗaici da Kewa

Kaɗaici ɓoyayyen suna ne da aka samar daga kaɗai ta hanyar ɗafa-ƙeyar -ci, kamar yadda aka samar da maraici daga maraya. Kewa kuwa ita ce jin rashin wani ko wani wuri. Abin lura shi ne irin aikatan da waɗannan kalmomi suke tafiya da su:

(1) Kaɗaici ya dame shi.
(2) Kaɗaici ya ishe ta.
(3) Kewar gida ta kama su.

A dukkan jimlolin nan kaɗaici ko kewa shi ne mai aikatawa, mutum kuwa shi aka aikata wa. Haka ake cewa zazzaɓi ya kama shi, ko yunwa ta dame shi. Wato dai a ginin jimlar Hausa kaɗaici yana sahun cuta da yunwa, abu ne da ke faɗa wa mutum ba da sonsa ba. Karin magana ma ta goyi bayan haka, domin an ce mutum rahama ne, an kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya cika zama shi kaɗai ba tare da dalili ba akan ce ba ya son mutane, wannan kuwa babban aibi ne, wani lokaci ma a fara zargin lafiyar hankalinsa.

3.2 Halwa da Keɓewa

Akwai rukuni na biyu na kalmomi waɗanda ginin jimlarsu ya saɓa da na farko:

(4) Malam ya shiga halwa.
(5) Ya shiga i'itikafi.
(6) Ta keɓe kanta.

A nan mutum shi ne mai aikatawa. Shi ya shiga da ƙafarsa, shi kuma zai fito. Halwa da i'itikafi duk aro ne daga Larabci, kuma sun shigo da darajar da addini ya ba su. Musulmi sun san cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan keɓe a kogon Hira kafin saukar wahayi. I'itikafi kuwa, wanda aka fi yi a goman ƙarshe na watan azumi, a masallaci ake yinsa, sau da yawa a tsakiyar gari inda jama'a ke shiga da fita. Tarihin Imam Gazali ya ƙara fito da wannan. A 1095 ya ajiye koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, lokacin da sunansa ya gama duniyar ilimi, ya tafi Dimashƙu. Bai nufi daji ba, wani babban birnin ya shiga, inda ya keɓe a masallaci nesa da idon da ya san shi. Daga baya ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u Ulumiddin don auna amfanin keɓewa da na cuɗanya. Sufayen ɗariƙar Naƙshabandiyya ma suna da wata ƙa'ida da suke kira halwa a cikin taro, wato jiki yana tare da mutane, zuciya tana tare da Allah.

Saboda haka Hausa ta raba abu biyu da ake yawan gwamutsawa. Bambancin kaɗaici da halwa ba yawan mutanen da ke kewaye da mutum ba ne. Bambancin shi ne zaɓi.

3.3 Sigogin Sakaya Mutum

Hausa ba ta da kalma guda tsayayya ga halin zama ba a san mutum ba. Tana da harɗaɗɗun kalmomi irin su ɓad-da-kama da ɓad-da-sawu, waɗanda ke ɗauke da ƙanshin laifi, da kuma sajewa, wadda ba ta da wannan ƙanshi. Amma a nahawu tana da kayan aiki masu yawa na sakaya mutum. Akwai wane da wance da su wane. Akwai kuma lamirin nan da ba ya nuna jinsi ko adadi, wato an, ana, aka, a, za a, wanda wasu masana nahawu suke kira mutum na huɗu:

(7) An ce a gaishe ka.
(8) Ana sallama.
(9) An dawo lafiya?

Jimla ta (9) ita ce mai jan hankali. Mace kan faɗa wa mijinta haka, ko yaro ga babba, alhali mai maganar ya san wanda yake nufi sarai. An sakaya shi ne don girmamawa. Haka al'adar alkunya take, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan miji, wanda aka sa wa sunan kakansa kuma a kira shi da laƙabi. Ke nan tun a gida Bahaushe ya ɗauki rufe suna a matsayin karramawa. Wannan shi ya haɗa batun da addu'ar da ta fi kowace yawa a bakinsa, wato Allah ya rufa asiri. Rufin asiri shi ne mutum ya ci, ya sha, ya suturta iyalinsa, ba tare da duniya ta san ƙuncinsa ba.

4.0 Nauyin Sanayya a Gida

Kafin a gane daɗin ɓoyuwa sai an auna nauyin da take saukewa. A ƙauye ko tsohuwar unguwa, gaisuwa ba ta tsaya ga fatan alheri ba. Ana tambayar kwana da gajiya da iyali da aiki da jiki, daga nan a zarce zuwa ina aka nufa, yaushe aka dawo, ina labarin wane. Kowace gaisuwa ƙaramin bincike ce, amsarta kuma takan isa zauruka da dama kafin magariba. Mutum ba ya wuce majalisa bai tsaya ba, ba ya rasa suna ko ɗaurin aure ko jana'iza ba a lura ba, domin zumunta a ƙafa take.

Bayan haka akwai asali. Tambayar farko ga baƙon fuska ita ce ɗan wa ne, ba wane ne ba. Sana'ar gado tana bin mutum, ko ya bar ta. Ɗan mahauci ko ɗan makaɗi, ko wanda aka san kakanninsa da bauta, yakan gamu da wannan a wajen neman aure, komai dukiyarsa. Kuskuren da mutum ya yi yana saurayi ana tuna masa shi da furfurarsa. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma na mutumin kirki a wajen Hausawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka dube su da kyau za a ga kusan dukkansu suna buƙatar wani mutum na biyu da zai shaida. Kirki abu ne da jama'a ke bayarwa, suna kuma iya ƙwacewa.

Karin magana ba ta ɓoye gajiyar da ke cikin wannan zama ba. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. An ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Wadda ta fi fitowa fili ita ce wadda aka ɗauko a kan wannan maƙala: naka sai naka, daɗin zama sai bare. Rabin farko ya tabbatar da cewa ranar wuya dangi ake nema. Rabi na biyu kuma ya amsa cewa zaman yau da gobe ya fi sauƙi da wanda ba shi da hakkin tuhuma.

5.0 Abin da Birni Yake Bayarwa

5.1 'Yancin Sana'a

Ci-rani tsohuwar al'ada ce, manomi ya bar gida bayan kaka ya dawo da faɗuwar damina. Tun a ranin 1952 zuwa 1953 Mansell Prothero ya bi diddigin masu fita daga lardin Sakkwato, ya tarar dubun-dubatar mutane ne ke yin kudu kowace shekara. Neman kuɗi da rage wa rumbu baki su ne manyan dalilai. Amma akwai tambayar da lissafin tattalin arziki bai amsa ba: me ya sa mutum zai yi ga-ruwa ko dako ko wankin takalma ko yankan farce a Legas ko Fatakwal, alhali ba zai yi su a garinsu ba ko da akwai ciniki? Amsar ita ce kunya tana buƙatar idon sani. Magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda ake tashi a ba shi wuri a zaure, zai iya tura baro a Mile 12 har shekara ba tare da mutuncinsa ya ragu ba, domin masu riƙe da mutuncin suna can nesa. Idan ya koma gida da sallah cikin sabuwar riga, abin da aka sani shi ne yana nema a kurmi. Nisa ya zame masa sutura.

5.2 Sabon Suna

Birni yana ba mutum damar sake suna. A tasha ko kasuwa ba a tambayar sunan uba. Ana kiran mutum da sana'arsa, kamar Mai Shayi ko Mai Nama, ko da siffarsa, kamar Dogo, ko da garin da ya ce ya fito, kamar Ɗan Sakkwato ko Bakatsine. Sunan gari yana da faɗi, yana nuna yanki ba tare da ya nuna gida ba. Makarantun boko na zamanin Turawa sun yaɗa irin wannan kira, inda ɗalibi ke ɗaukar sunan garinsu, kamar yadda aka ga Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. A bakin ɗan ci-rani kuwa wannan salo ya zama labule. Hausawa sun san da haka, shi ya sa suke cewa da ba a san asalin angulu ba da ta ce daga Masar take. Karin maganar zambo ce, amma ta tabbatar da cewa inda ba a san asali ba mutum yana iya faɗin nasa labarin da bakinsa. Ga maƙaryaci wannan dama ce ta yaudara. Ga wanda asali ya danne kuwa, dama ce ta a auna shi da aikinsa.

5.3 Gajeriyar Gaisuwa da Kawaici

A cikin motar haya ta birni gaisuwa takan taƙaita ga sallama ko sannu, wani lokaci ma shiru. Dattijon da ya zo daga ƙauye yakan ɗauki wannan rashin tarbiyya. Amma ɗabi'ar da Goffman ya bayyana tana da suna a Hausa tun kafin shi, wato kawaici, mutum ya gani ya yi kamar bai gani ba, don kada ya kunyata wani. A gida kawaici alfarma ce da ake yi wa suruki ko babba. A birni kowa yana samunta daga kowa, kyauta. Mai kuka a cikin mota, da mai cin abinci a tsaye a bakin titi, da mai sanye da tsohuwar riga, duk an gan su, an kuma kau da kai. Ma'aikacin da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar yakan sami kaɗaituwarsa ta gaskiya ne a cikin cunkoson motoci, inda yake zaune tsakanin baƙi, ba mai neman komai a wurinsa. Simmel ya kuma lura, a wani rubutu na 1908 kan baƙo, cewa mutane kan buɗe wa baƙo cikinsu da abin da suke ɓoye wa na jiki. Duk wanda ya yi doguwar tafiya a mota daga Legas zuwa arewa ya san irin hirar da ake yi da abokin kujera wanda ba za a sake gani ba.

5.4 Mata

Nauyin idon jama'a ya fi sauka a kan mata, musamman zawarawa. Fitarta da shigarta da wanda ya yi sallama da ita duk abin magana ne. Harshe ya nuna yadda al'umma take kallon wadda ta bar gida: an ce ta shiga duniya, ko tana zaman kanta. Kalmomin zaman kai a zahirinsu ba su nufin komai sai cin gashin kai, amma an mai da su sakayar karuwanci. Wannan sauyin ma'ana ya sa har yau ma'aikaciyar jinya ko malamar makaranta da ta kama haya ita kaɗai takan sha tambayoyi kafin a ba ta ɗaki. Babban birni yana rage wannan tuhuma, ko da bai kawar da ita ba, shi ya sa yake da farin jini ga matan da ke son su yi aiki ko karatu ko kasuwanci ba tare da an sa musu suna ba.

6.0 Zango: Iyakar Ɓoyuwa

Da ɓoyuwa ita ce dukkan buƙata, da Hausawan kudu sun warwatsu cikin gari. Ba haka suka yi ba. Ko'ina suka je sai sun kafa zango ko sabo, da sarkin Hausawa da liman da masallaci, kamar yadda ake gani a Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo a Ibadan, har zuwa Kumasi a ƙasar Gana. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana dalilin. An kafa unguwar a 1916, kuma a lokacin binciken Cohen rayuwarta ta dogara ne ga fataucin shanu daga arewa da goro daga kudu. Wannan ciniki kuwa bisa bashi da amana yake tafiya. Falke yakan sauka wurin mai gida, shi ke ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan aka ba mahauta shanu bashi. Mutumin da ba a sani ba ba a ba shi amanar garke. Saboda haka a cikin Sabo sanayya ita ce jari.

Ke nan Bahaushen kudu yana rayuwa ne a da'ira biyu. A cikin gari, da rana, baƙo ne wanda ba a tambaya. A zango, da dare, sananne ne wanda ake ba bashi, ake yi wa jinya, ake kuma yi wa sutura idan ta Allah ta kasance. Sai dai sanayyar zango ta bambanta da ta gida, domin an gina ta ne a kan halin da mutum ya nuna tun zuwansa, ba a kan tarihin kakanninsa ba. Wannan shi ne ainihin abin da birni ya ba shi: ba shafe suna ba, damar sake gina shi.

7.0 Ɓoyuwar Zaɓi da ta Tilas

Akwai kuma wata ɓoyuwa da ba mutum ne ya zaɓa ba. A biranen kudu akan kira kowane ɗan arewa da Aboki ko Malam, ko Bahaushe ne ko Babarbare ko Bazabarme daga Nijar. Kalmomin biyu na girmamawa ne a Hausa, ɗaya ta ƙauna, ɗaya ta ilimi. Da suka shiga Ingilishin kasuwa sai ma'anarsu ta zube, Aboki ta koma nufin mai gadi ko ɗan acaɓa, har ma wanda bai waye ba. Wannan misali ne na lalacewar ma'ana a wajen aron kalma. Hausawa ma ba su kuɓuta daga irin wannan ba, domin sunan Inyamuri da suke kiran Ibo da shi an ce ya samo asali ne daga jimlar neman ruwan sha a harshen Ibo, masu shi kuwa ba sa son sa.

Bambancin laƙabin da mutum ya karɓa a tasha da wannan suna na jimla a fili yake. Na farko yana rufe asali ya bar mutum. Na biyu yana shafe mutum ya bar ƙabila. Wanda aka sani da sunan jimla kawai yana ɗaukar laifin duk wanda ya yi kama da shi. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an zarge su da satar mutane. Matafiya ne a garin da babu wanda zai ce ya san su. An ce baƙo raɓa ne, wato ba ya daɗewa. Raɓa kuwa ba ta da mai tsaya mata. Ɓoyuwar da ke zama sutura a lokacin lafiya ita ce ke zama tsiraici a lokacin fitina.

8.0 Sauyin Zamani

Abubuwa biyu sun rage faɗin ɓoyuwa a wannan ƙarni. Na farko shi ne wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. A da ɗan ci-rani yakan yi wata da watanni sai dai saƙon baki ko wasiƙa. Yanzu gida yana cikin aljihunsa, ana kiransa a tambayi inda yake, ana aiko masa da buƙata, hotonsa yana tura baro kuma yana iya isa ƙauyensu cikin daƙiƙa. Na biyu shi ne rajistar hukuma, kamar lambar tantance masu ajiya a banki da aka fara a 2014, da umarnin haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa na watan Disamba 2020. Maƙwabci bai san mutum ba, amma kwamfuta ta san shi.

A ɗaya ɓangaren, intanet ta buɗe wani sabon bariki. Marubuta labaran Hausa da ake yaɗawa ta WhatsApp da Facebook, waɗanda mata suka fi yawa a cikinsu, da dama suna fitowa ne da alkunya irin ta Maman wane ko Ummu wance. Tsohuwar dabarar rufe suna don kunya ita ce ta zama hanyar faɗin abin da ba a iya faɗa da sunan yanka. Wannan fage ne da ke jiran masu nazarin walwalar harshe.

9.0 Kammalawa

An ga yadda Hausa ta raba kaɗaici, wanda ke kama mutum, da halwa, wadda mutum ke shiga. An kuma ga cewa sakaya suna tsohuwar hanyar girmamawa ce a harshen, kuma abin da ke jan mutane zuwa cunkoson birni dangin wannan ne: sauke nauyin asali, samun kawaici daga kowa, da neman abinci cikin rufin asiri. Zango ya nuna iyakar wannan buƙata, sunan jimla irin na Aboki kuma ya nuna haɗarinta idan wasu ne suka ɗora ta. Zai yi amfani a gudanar da irin wannan nazari a Yarabanci da Ibo da sauran harsunan Nijeriya, a ga ko su ma sun raba zama shi kaɗai na zaɓi da na tilas, a kuma tattara sunayen jimla da al'ummomin ƙasar suke kiran juna da su, da yadda ma'anarsu take sauyawa. Karin maganar da aka fara da ita tana da rabi biyu, kuma mazaunin birni yana buƙatar dukkansu: baren da zai ƙyale shi, da nasa da zai neme shi ranar da aka ji shi shiru.